Shekara 14 ina cewa "na ƙoshi"

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan abin amma duk sanda na ɗauki waya sai inji nauyi, ince wa zai tsaya karanta labarin wata mai cincin, sai shekaranjiya da naje ganin likita na haɗu da wata baiwar Allah a layi tana jan ƙafa 'yarta na riƙe da ita, muka ɗan taɓa hira naji kamar labarina take karanto min, shine nace toh bari dai in daure in rubuta.

Ni a Kano nake, wajen Kurna. Anyi aurena 2010, yarana biyar, babbar mace ce sai maza uku da mace ɗaya a tsakiyarsu, autan namiji ne. Abbansu adaidaita sahu yake ja, ni kuma ina koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi ajin ƙananan yara, in na dawo kuma ina yin cincin da dubulan da alkaki na biki da na suna, ina sawa a WhatsApp mutane suna bada oda. Ba yabon kai ba, a layinmu in ana maganar mace mai ƙoƙari dani ake misali, kuma wallahi daɗin hakan nake ji, in akace "ke kam bakya gajiya" sai inji kamar an bani kyauta.

Ƙarfe huɗu nake tashi. Kafin a kira assalatu na hura gawayi na ɗora ruwan wanka da ɗumame, in 'yan garuwa basu zo jiya ba sai na fara lallaɓa maƙota, a yiwa ƙanana wanka a shirya kowa, in raka su in wuce tawa makarantar in wuni a tsaye da yaran mutane, in dawo biyu saura in ɗora na rana, a tura su islamiyya, a ɗora na dare, sai bayan isha'i in kowa ya kwanta sannan zan zauna murza cincin har sha biyu wani lokacin ɗaya na dare. Haka kullum har Asabar da Lahadi, su ma ranakun wanki ne da kitso.

Abinci kuwa ga yadda nake yi. In na sauke sai in fara cire na Abbansu in rufe, in zubawa yara, in akwai nama ko kifi in gutsura musu, abinda ya rage a gindin tukunya shine nawa, yawanci ƙanzo ne in jiƙa shi in sa mai da yaji inci a tsaye a bakin kicin ina ci ina kallon abinda ke kan wuta. In wani cikin yaran yace Umma ke fa, sai ince na ƙoshi. Kalmar nan ta zauna min a baki har ba sai nayi tunani ba take fitowa.

Maganar ciwo ta faro ne tun cikin auta. A wajen awo aka ce jinina ya hau, ƙafafuna suka kumbura har takalmi baya shiga, suka ce in kula sosai kar ya kai ga jijjiga. Na haihu a watan Afirilun 2020 daidai lokacin da aka kulle Kano saboda korona, nas ɗin da ta sallame ni ta riƙe hannuna tace Maman yara ki dawo bayan sati shida a sake auna ki, kar kice kin haihu shikenan ya tafi. Nace toh. Na dawo gida aka shiga wankan jego, kullum kofi guda na kunun kanwa har akai arba'in, Hajiyarmu tana tsaye a kaina sai na shanye. Da sati shidan ya cika nace ai gari a kulle yake. Gaskiyar magana kuma an buɗe gari, an koma kasuwa an koma makaranta, shekara huɗu cur ban sake miƙa hannuna an auna ba. Auta kuwa ko allurar rigakafi ɗaya bai taɓa tsallakewa ba, katinsa a cike yake, a asibitin da nake kai shi ga teburin awon jini nan ina wucewa ta gabansa.

Ciwon kai ya zama abokina, ta ƙeya yake kamawa kamar an ɗora min dutse, wani lokacin in na sunkuya na ɗago sai inga duhu-duhu. Sai in aiki yaro kemis ince a bashi haɗi na ciwon kai da ciwon jiki, a ƙullo min ƙwayoyi huɗu biyar kala-kala a leda ban san sunan ko ɗaya ba in watsa in kora da ruwa in cigaba da aiki. Daga baya ne likita yake gaya min irin su dikilofenak da ibufurofen da ake sawa a haɗin nan suna ƙara hawan jini kuma suna taɓa ƙoda in an daɗe ana sha. Ashe wuta nake ƙarawa fetur.

Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, abin ya taɓa Abbansu sosai, ya wuni a titi ya dawo in ya cire kuɗin mai da na balas abinda zai miƙo min ko cefanen rana ɗaya baya yi. Fulawa da suga da mai suka yi tashin gwauron zabi, riba ta ragu, ni kuma maimakon in rage sai na ƙara karɓar oda dan in cike gurbin. A lokacin ne halina ya canja. Abu kaɗan yaro zai yi in hau shi da faɗa, wani lokacin har da duka, in ta cewa wallahi ku ne ajalina, so kuke ku kashe ni ku huta. In dare yayi kuma in zauna ina murza cincin ina hawaye ni kaɗai ban ma san kukan me nake ba.

Azumin 2024 kowa ya san irin zafin da akai a Kano. Na karɓi odar cincin ɗin sallah na gida tara, har na karɓi kafin alƙalami na siyo kaya. Ranar 24 ga azumi bayan la'asar ina gaban kasko, ga zafin gari ga na gawayi, kwana uku kenan barcina baifi awa uku ba, sai naga matsamin ya faɗi daga hannuna na hagu. Na sunkuya zan ɗauka hannun yaƙi, kamar ba nawa ba. Na buɗe baki zan kira babbar 'yata naji maganar tana fita a cakuɗe kamar harshena yayi nauyi. Da ta fito ta kalle ni sai ta ƙwalla ƙara tace Umma bakinki ya karkace. Allah ne ya tsare ban faɗa cikin man nan ba, gefe na sulale.

Kafin kace me gida ya cika da mata. Wata tace iska ce ta buge ta, wata tace ai dama zama gaban wuta da yamma ba kyau, a kawo habbatus sauda a kawo hayaƙi, har an tura yaro ya kira mai ruƙiyya. Maƙociyarmu ta bayan gida ma'aikaciyar asibiti ce, Allah ya saka mata da aljanna, ta shigo da abin awonta ta ɗaura min, tana gani ta miƙe tace 210 bisa 120, wallahi ba wanda zai ƙara minti ɗaya da ita a gidan nan, ku yi mata addu'ar a hanya. Ita ta tsayar da adaidaita da kanta, Abbansu a asibiti ya same mu. Likita yace ƙaramin shanyewar ɓarin jiki ne kuma saurin kawo ni da akai ya taimaka ƙwarai, yace duk wanda akaga bakinsa ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta sarƙe farat ɗaya to ba abin jira bane ko na awa ɗaya. Ni ban raina addu'a ba, har gobe ina yin azkar ina tofawa, amma da an tsaya hayaƙi a ranar ban san ko da wane hannu zan rubuta wannan ba.

Kwana takwas nayi a kwance, a gadon asibiti nayi sallah ina jiyo kabbarar masu tafiya idi ta taga. Hoton kai da gwaje-gwaje da magani da kuɗin gado suka cinye adashin da nake zubi na kuɗin makarantar yara gaba ɗaya, aka sayar da firij ɗina, ƙanina ya cika sauran. Kuɗin mutane na cincin kuma sai da aka bi gida-gida aka mayar, wasu suka ce a barshi Allah ya bata lafiya, wata kuwa ta turo saƙo wai ita yanzu ina zata samu mai yi mata a kwana biyar. Ban ga laifinta sosai ba amma na karanta saƙon yafi sau goma. Ina kwance ina lissafi, maganin da aka ɗora ni a kai yanzu na wata guda bai kai kuɗin katin da nake sawa a waya ba, shi na ƙi nema shekara huɗu wai ina tattali saboda yara, gashi kuɗin yaran ne ya tafi a sati ɗaya.

Amma duk wannan ba shine ya karya min zuciya ba, sai da na dawo gida.

Aka shimfiɗa min katifa a falo inda nake hango tsakar gida. 'Yata tana da shekara 13 a lokacin, ita ta ɗauki gidan tunda aka kwantar dani, da aka koma makaranta bayan sallah sati uku bata je ba. Ina kallonta ranar ta dafa shinkafa da wake, ta cire na Abbansu ta rufe, ta zubawa ƙannenta, ta kawo min nawa har da yanka min albasa, sai naga ta koma bakin kicin ta tsaya tana kankare gindin tukunya da cokali tana ci a tsaye. Nace ke zo nan ki ɗebi nawa yayi min yawa. Ko juyowa bata yi ba tace Umma na ƙoshi. Da irin muryata, da irin yadda nake ɗan karkatar da kai in na faɗa. Yarinyar da ko ƙirgen dangi bata gama ba. Can ƙaninta ya zubar da ruwa a tabarma sai naji ta daka masa tsawa tace wallahi ku ne ajalina.

Na juya fuskata bango nayi kukan da ban yi ba ko a asibiti. Ni a zatona tarbiyya nake basu, ashe abinda take kwashewa kenan, cewa mace ita ce wadda take ci a tsaye in kowa ya gama, kuma wata rana haka zata je gidan wani tayi ta yi har itama matsami ya faɗi daga hannunta.

Bayan kwana biyu kuma na ukun, mai shekara takwas, ya lallaɓo da daddare ya kwanta a gefen katifata yayi shiru, can yace Umma ni ne na sa miki ciwon ko? Nace inji wa? Yace ai ke kika ce mu zamu kashe ki, kuma ranar ni ne na ƙi zuwa siyo gawayi. Yaron nan sati biyu yana ɗauke da wannan a ransa bai gayawa kowa ba, malaminsu na islamiyya ma yace ya daina magana a aji. Na rungume shi da hannun da yake aiki ina ta rantse masa ba shi bane, amma har yau in na ɗan kwanta da rana sai ya leƙo ya tabbatar ina numfashi.

Da na ɗan samu ƙarfi muka zauna da Abbansu, kuma ban ɓoye masa ba nace Malam kana gani ina aikin nan dare da rana baka taɓa cewa in huta ba. Yayi shiru sannan yace ke ma ai baki taɓa cewa kin gaji ba, kullum na tambaya sai kice lafiya lau. Naji haushin amsar a lokacin amma gaskiya ce, ko da yake shima ai yana da ido. Mun daɗe muna maganar ranar, abinda muka fi shekara bamu yi ba, kullum maganarmu kuɗin makaranta ne da cefane. Nace toh kaima sai an auna ka, yace shi garau yake. Mutumin da yake wuni a zaune a adaidaita daga safe har dare, abincinsa lemon kwalba da biredi, mahaifinsa kuma ance lafiya lau ya kwanta aka wayi gari babu shi. Sai da maƙociyar nan tamu ta sa baki tace masa Malam hawan jini da suga yawanci basa sallama, mutum zai iya shekaru dasu baiji komai ba, sannan ya yarda. Jininsa lafiya, suga ne aka samu ya fara hawa. Sati guda yana fushi kamar mu muka sa masa.

Hajiyarmu da tazo dubiya tace ku 'yan zamani ba kwa da ƙwari, mu goma muka haifa muna surfe muna daka bamu san wani hawan jini ba. Ban yi mata musu ba dan uwa ce, amma na tuna gidan da muka tashi a cikin gari, gidan yawa ne, ita da abokiyar zamanta girki kwana bibbiyu suke, ga matan baffanninmu ga kaka, in mace ta haihu ko tsinke bata ɗagawa, yaro kuma na kowa ne duk ɗakin da ya shiga zai ci. Ni kuwa ɗaki biyu ne na haya ni kaɗai da yara biyar da aikin albashi da sana'a, aikin mata huɗu nake ni ɗaya ina jiran a yaba min. Kuma in za'a faɗi gaskiya su ma ɗin suna yi, sunansa ne basu sani ba, nawa akace an wayi gari ɓarin jikinsu ya mutu akace iska ce. Maganar kunun kanwa ma da na gaya mata likita yace gishirin da ke cikin kanwa yana da yawa, kuma likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suke alaƙanta shi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, cewa tayi su likitocin da me iyayensu suka yi jegonsu. Na kyale ta.

Wadda ta warware min wani ƙulli a zuciya malamarmu ce ta islamiyyar matan aure. Nace mata Malama ni fa in na zauna ina hutawa yara na da buƙata sai inji kamar zunubi nake. Sai ta kawo min labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci Abu Darda'i ya tarar baya cin abinci da rana baya barci da dare saboda ibada, ya sa shi yaci ya sa shi ya kwanta, yace masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka bawa kowa haƙƙinsa, da aka kai maganar wajen Manzon Allah SAW yace Salmanu yayi gaskiya. Tace toh in wanda ya hana kansa barci saboda sallar dare an ce ya rage, ina ga ke da cincin. Duk ajin akai dariya har ni.

Ba zan ce na gyaru gaba ɗaya ba. Wata biyu da fara shan amlodifin, maganin hawan jinin da aka ɗora ni a kai, naji garau sai na ajiye, wata ta bani shawarar zoɓo da tafarnuwa wai yafi na bature, da na koma aka auna 170 bisa 100, likitan ya cire gilashinsa ya kalle ni yace Hajiya so kike ki dawo mana a kwance? Yace ki sha zoɓonki ba suga in kina so amma magani kullum ne ko kinji lafiya ko baki ji ba. Tun ranar na ajiye shi kusa da abin sallata, ina idar da asuba nake sha.

Girki ma sai da akai rigima. Da dunƙule shida nake jefawa a miya ga gishiri, akace min gishirin da babba zai ci a wuni gaba ɗaya kar ya wuce giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen ma gishiri ne a ciki. Na koma biyu na ƙara daddawa da citta da tafarnuwa, sati biyu yara suna cewa miyar Umma ta zama ta asibiti, yanzu sun saba har in sun ci a gidan biki suce gishiri yayi yawa. Mazan na raba musu aiki, mai sha ɗaya shi ke wanke-wanken dare, mai bi masa shara da siyo gawayi. Kakarsu ta wajen uba da tazo ta gani tace yanzu maza zaki mayar 'yan daudu, nace Inna ai gara su iya, in na faɗi wa zai musu, ta taɓe baki bata ƙara magana ba. Odar cincin bana karɓar fiye da biyu a sati kuma ƙarfe goma nake kashe wuta ko an gama ko ba'a gama ba, dama hannun hagun har yanzu in na daɗe ina murzawa sai ya fara rawa. Kuɗin da ke shigowa ya ragu, ba ƙarya, na cire biyu daga makarantar kuɗi na mayar dasu ta gwamnati kuma abin yayi min ciwo sosai, har yanzu in na tuna sai inji wani iri.

Bayan azahar ina rufe ƙofa rabin awa, sun san ko gobara ake sai dai a kira Abbansu. Ranar Juma'a da yamma nake takawa da ƙafa gidan yayata muyi hira mu sha shayi ba tare da na ɗauki yaro ko ɗaya ba, farkon da na fara sai in ta duba waya ina jin kamar na gudu na bar aiki.

Ita kuwa babbar tawa yanzu a faranti ɗaya muke ci, a zaune, kuma tare da kowa ba bayan an gama ba. Rannan kifi ya rage guda ɗaya naga auta yana kallonsa, kafin in ankara bakina ya fara "na ƙo..." sai ta ɗago ta harare ni, ta raba shi uku ta tura min tsakiyar. Na cinye.

Awon shekaranjiya 134 bisa 84. Hajiyarmu kuma kwanan nan take ta ƙorafin ƙeyarta na sara in ta tashi da safe, nace Alhamis zan zo mu je a auna ta tace ba inda zata, ita ba ragguwa bace irina. Na riga na gayawa Abbansu ya zo da adaidaita ƙarfe bakwai.